Gudan jinin da aka daɗe ana ɗauka waraka ne

 A cikin takardun sakamakon hoton ƙwaƙwalwa akwai wata jimla da takan sa mai jinya ya yi ajiyar zuciya, ya ɗauka bushara aka yi masa. Jimlar takan ce an ga kumburi a jikin wata jijiyar jini, amma wani ɓangare na jinin da ke cikin kumburin ya riga ya daskare. Duk wanda wuƙa ta taɓa yanka ya san daskarewar jini ita ce farkon warkewa, saboda haka ba a ga laifinsa ba idan ya ce ciwon ya kama hanyar tafiya da kansa. Manyan likitocin duniya ma haka suka ɗauka, kuma sun shafe fiye da shekara ɗari a kan wannan fahimta. Yau zan bi da kai ta hanyar da suka bi har suka sauya ra'ayi, domin kusan kowace hanyar jinya da za a shimfiɗa maka a asibiti yanzu ta samo asali ne daga wani tuntuɓe da aka yi a baya.

Bari mu fara sanin abin da muke magana a kai. Idan wani wuri a bangon jijiyar da ke kai wa ƙwaƙwalwa jini ya yi rauni, ƙarfin bugun zuciya sai ya riƙa tura shi waje har ya zama 'yar jaka, kamar yadda tsohuwar robar cikin tayar keke take yin ƙullutu a gefe guda. Likitoci suna kiran wannan jaka aniyurizim. Kimanin mutum 3 cikin manya 100 suna da ita, yawancinsu ƙarama ce, kuma za su gama rayuwarsu ba su san da zamanta ba. Wadda ta kai milimita 25 ko ta wuce ita ake sa wa a ajin ƙatta. A cikin jaka mai wannan girma jini ba ya gudu yadda ya saba. Juyawa yake yi a hankali, kamar ruwan da ya shiga gurbi a gefen rafi yana ajiye laka, har ya daskare a jikin bango hawa-hawa, ya bar 'yar hanya da jini ke ci gaba da ratsawa. Kusan rabin ƙattan jakunkunan haka suke.

Irin wannan jaka tana cutarwa ta fuska uku. Tana iya fashewa kamar sauran 'yan'uwanta. Tana iya sakin ɓarɓashin gudan jini ya tafi ya toshe wata ƙaramar jijiya a gaba, a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Amma abin da ya fi kawo masu ita asibiti shi ne danniya: tana girma kamar ƙari, tana matse abin da ke maƙwabtaka da ita, sai mutum ya fara ganin abu bibbiyu, ko fatar idonsa ɗaya ta rufto, ko ɓarin fuska ya yi sanyi, ko haɗiya ta yi wuya, ko ya riƙa tangaɗi a tafiya.

Labarinmu ya fara ne a Landan. A shekarar 1875 wani shahararren likita mai suna Jonathan Hutchinson ya gabatar wa takwarorinsa labarin wata mata da ta zo masa da ciwon kai da shanyewar jijiyoyin da ke juya ido. A lokacin babu hoton komai, ko na ƙashi ba a ƙirƙiro ba, amma daga alamomin da ya gani ya ce kumburin jijiya ne a cikin ƙoƙon kai. An yi shawarar ɗaure babbar jijiyar wuyanta, sai ba a yi ba. Matar ta ƙara shekara 11 a duniya, kuma abin da ya yi ajalinta wani kumburin ne daban a babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya. Da aka binciki gawarta sai aka tarar da jakar a gindin ƙoƙon kai, girmanta kamar ƙaramin ƙwai, ta cika ta sandare. Hutchinson ya kira abin warkewa da kanta. Ba ƙarya ya yi ba, abin da ya gani ya faɗa. Illar ita ce labarin mace ɗaya mai sa'a ya ƙarfafa wata aƙida da dama can ta yi jijiya a zukatan likitoci.

Aƙidar ta girmi Hutchinson da kusan shekara casa'in. A watan Disamba na 1785 John Hunter ya karɓi wani direban keken doki mai kumburin jijiya a bayan gwiwa. Maganin da aka sani a lokacin shi ne yanke ƙafa, ko kuma a farke wurin a yi ta fama da jini. Hunter ya hau sama zuwa cinya, inda jijiyar take da lafiya, ya ɗaure ta a can. Lissafinsa shi ne idan ƙarfin jini ya ragu jakar za ta daskare ta motse, ƙananan jijiyoyin gefe kuma su ɗauki nauyin ciyar da ƙafar. Haka aka yi, mutumin ya koma bakin sana'arsa da ƙafafunsa biyu. Astley Cooper ya ɗauki wannan dabara ya kai ta wuya: wadda ya fara yi wa a 1805 ta rasu, na 1808 ya rayu. Tun daga nan har tsakiyar ƙarni na ashirin, ɗaure jijiyar wuya shi ne babban makamin da ake da shi a kan kumburin jijiyar cikin kai. Ka riƙe sunan Hunter, mai karatu, domin za mu sake cin karo da shi a ƙarshen hanya.

Da yake an yarda gudan jini shi ne magani, sai aka shiga neman hanyar haifar da shi da gangan, kuma a nan an yi abubuwan da in ka ji sai ka riƙe baki. A 1864 Charles Moore ya cusa wayar ƙarfe mai tsawon yadi 26 cikin kumburin babbar jijiyar ƙirjin wani mutum a Landan. Jinin ya daskare, mutumin ya rasu bayan 'yan kwanaki. A 1941 wasu likitoci a birnin New York suka bi ta kwarmin ido suka cusa wayar azurfa mai tsawon ƙafa 30 cikin wata ƙatuwar jaka a cikin kai, suka ɗumama ta da lantarki. A farkon shekarun 1960 John Gallagher ya ƙera 'yar bindigar iska da yake harba gashin alade ko na doki cikin jakar bayan ya buɗe kai, domin kaushin gashin ya tara jini. Sean Mullan a Cikago ya gwada allura mai ɗauke da lantarki, wasu kuma suka zuba garin ƙarfe suka riƙe shi da maganaɗisu. Kada ka yi musu dariya. Mutane ne da majinyata ke mutuwa a gabansu, kuma daga cikin wannan lalube ne aka samo ɗaya daga cikin manyan hanyoyin jinyar yau.

A ɗaya ɓangaren kuma ana ta neman ido. A 1927 Egas Moniz na Lisbon a ƙasar Fotugal ya zuba wani ruwa mai bayyana a hoto cikin jijiyar wuya, ya ɗauki hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwar mutum mai rai. Wannan ya buɗe ƙofa babba, sai dai ga irin jakar da muke magana a kai hoton yana da yaudara. Ruwan yana bin inda jini ke gudu ne kawai. Gudan jinin da ya daskare ba ya bayyana. Sai likita ya ga 'yar jaka kamar ƙwayar wake a hoto, ya buɗe kai ya tarar da abu kamar lemun tsami, mai tauri, ya manne da komai. Wani lokaci kuma akasin haka ake yi: a ga alamar wani ƙullutu ya ture jijiyoyi gefe, a shiga da niyyar cire ƙari, a sa wuƙa, jini ya ɓalle. Wannan kuskure na biyu bai zama tarihi ba tukuna, kuma zan dawo kansa.

A 1931 Norman Dott na Edinbara ya zama na farko da ya tunkari irin wannan jaka kai tsaye da shiri, ya naɗe ta da tsokar da ya yanko daga ƙafar majinyacin. Shekara shida bayan haka, ranar 23 ga Maris 1937, Walter Dandy a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo ya sa ɗan matsi na azurfa a wuyan wata jaka, ya raba ta da jijiyar da ta haife ta, jijiyar kuma ta ci gaba da aikinta. Wannan ɗan matsi, wanda ake kira kilif, shi ya zama sarkin tiyatar har yau. Amma yana da sharaɗi: wuyan jakar ya kasance mai laushi, wanda zai haɗe idan an matse shi. Jaka mai gudan jini ba ta cika wannan sharaɗi sau da yawa. Wuyanta yana da faɗi, bangonsa ya yi kauri, wani wurin ya ƙandare kamar ɓawon ƙwai, cikinta kuma cike yake. Ka kwatanta da ƙoƙarin ɗaure bakin buhun da aka cika da dutse har wuya. Kilif ɗin ko dai ya ƙi rufuwa, ko ya zame ya sauka a kan uwar jijiyar ya shaƙe ta, ko ya marmashe gudan jinin ya tura shi gaba cikin ƙwaƙwalwa.

Likitocin shekarun 1960 da 1970 suka ce to sai a zazzage buhun kafin a ɗaure. Wato a tsayar da jini na ɗan lokaci ta sama da ta ƙasa, a tsaga jakar, a kwashe gudan jinin, sannan a jera kilif da yawa a sake gina bangon jijiyar. Matsalar ita ce ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin jini sai na 'yan mintoci. Domin sayen lokaci aka aro dabarar masu tiyatar zuciya: a haɗa mutum da injin da ke juya jini, a sanyaya jikinsa zuwa ƙasa da digiri 20, a tsayar da zuciya ɗungurungum, a yi aikin cikin abin da bai wuce rabin sa'a da 'yan kai ba, sannan a ɗumama shi a tayar da zuciyar. An ceci rayuka da wannan hanya, musamman a hannun Robert Spetzler na Arizona a shekarun baya, amma farashinta na da tsada ga jiki, kuma yau ba kasafai ake yin ta ba. Charles Drake, wanda ya yi aiki a wani gari mai suna Landan a ƙasar Kanada, shi ne ya fi kowa shiga lungun bayan ƙwaƙwalwa a zamaninsa. A 1979 ya wallafa abin da ya gani a majinyata 174 masu ƙattan jakunkuna, kuma abin lura a aikinsa shi ne yawan lokutan da ya ajiye kilif ya koma ga dabarar Hunter, ya toshe jijiyar da ke ciyar da jakar. Har wani zare ya ƙirƙiro da ake zagaya jijiyar da shi a fito da bakinsa waje, a ja shi bayan majinyaci ya farka, ana magana da shi ana duba ko zai jure.

Abin da ya cike giɓin dabarar Hunter ya zo ne daga Zurik ta ƙasar Siwizalan. Gazi Yaşargil, ɗan asalin Turkiyya, ya koyi ɗinkin ƙananan jijiyoyi a ƙarƙashin madubin tiyata a wajen Peardon Donaghy a Amurka, kuma a watan Oktoban 1967 ya ɗauko jijiyar da ke bugawa a gefen goshi ya ɗinka ta a jikin wata jijiyar saman ƙwaƙwalwa. An samu hanyar kewaye ke nan. Thoralf Sundt na asibitin Mayo da wasunsa suka faɗaɗa ta, suna ɗauko jijiya daga ƙafa, daga baya kuma daga hannu, su shimfiɗa ta tun daga wuya har cikin kai idan ana bukatar jini mai yawa. Yanzu likita yana iya buɗe wa jini sabuwar hanya, sannan ya rufe tsohuwar da jakar ke kanta, ba tare da ya kashe yankin da take ciyarwa ba. A ganina, a duk tarihin wannan cuta babu ci gaban da ya kai wannan amfani, ko da yake bai samu rabin yabon da na'urorin da suka biyo baya suka samu ba.

Sai hoto ya sake sauya komai. An ɗauki hoton CT na farko na majinyaci a Landan a watan Oktoban 1971, hoton MRI kuma ya shigo asibitoci a shekarun 1980. A karon farko aka ga jakar gaba ɗayanta a jikin mai rai: hanyar jini a tsakiya ko a gefe, gudan jini a kewaye hawa-hawa kamar albasa, bango mai kauri a waje, ƙwaƙwalwar da ke kusa kuma ta kumbura da ruwa. A 1987 wasu masana hoto a Zurik, Schubiger da Valavanis da Wichmann, suka lura da wani abu da ya kifar da tsohon tunani. Jinin da ya fi sabunta a cikin albasar yana can gefen waje ne, kusa da bango, nesa da inda jini ke gudu. Da a ce laka ce kawai ke kwanciya daga rafi, da sabon hawa yana ciki. Ma'anar ita ce bangon da kansa ne ke zubar da jini. Ya tsirar da wasu ƙananan jijiyoyi masu rauni domin ciyar da kansa, suna fashewa lokaci bayan lokaci, kowace fashewa ta ƙara hawa ɗaya, jakar ta ƙara faɗi. Daga baya Timo Krings da Pierre Lasjaunias da abokan aikinsu a Faris suka ƙarfafa wannan bayani, suka ce a irin waɗannan jakunkuna cutar ta bango ce, tana aiki daga waje.

Ka tsaya nan ka dubi abin da wannan ke nufi. Idan jakar tana da hanyar cin abinci ta bayan gida, to rufe mata ƙofar gaba ba lallai ya kashe ta ba.

A daidai lokacin da ake gano wannan, wani juyin yana tafe ta cikin jijiya. Ana ba da labarin cewa Fedor Serbinenko na Mosko ya ga yara riƙe da balan-balan a wajen bikin ranar ma'aikata a 1959, ya yi tunanin abin da zai faru idan aka saki ƙaramin balan-balan a cikin jini aka bi shi da siririn bututu. A 1974 ya wallafa sakamakon aikinsa, ya nuna ana iya toshe jijiyar cikin kai ba tare da an fasa ƙashi ba. Daga aikinsa aka samu gwajin da ake yi har yau kafin a sadaukar da jijiya: a hura balan-balan a cikinta na kimanin minti 20 zuwa 30 majinyaci yana farke, ana sa shi magana da motsa hannu, ana duba ko jini na zagayowa ta wasu hanyoyin. Sannan a 1990 Guido Guglielmi, Ba'italiye da ke aiki a Los Anjalas, ya fara amfani da lallausar wayar filatinom da ake turawa ta bututu daga matsematsi har cikin jakar, ta naɗe a ciki kamar ƙwallon zare, a sake ta da ɗan lantarki. Jikar wayar Moore ce, ta zo bayan shekara 126. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1995. A 2002 aka wallafa babban gwajin da ya haɗa majinyata 2143 waɗanda jakarsu ta fashe, aka ga bayan shekara guda kashi 23.7 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa waya sun rasu ko sun naƙasa, a kan kashi 30.6 na waɗanda aka buɗe wa kai. Duniya ta karkata ga waya.

Sai dai kusan duk jakunkunan da ke cikin wancan gwaji ƙanana ne. Idan wani ya kawo maka waɗannan alƙaluma a matsayin hujja a kan jaka mai gudan jini, to ya auna maka riga da jikin wani. A cikin irin tamu wayar ba ta samun bango mai ƙarfi da za ta jingina. Bugun jini yana tura ta cikin gudan jinin a hankali, kamar dutsen da aka ɗora a kan taɓo, sai bayan 'yan watanni a dawo hoto a ga hanyar ta sake buɗewa. A ƙara waya, ta sake nutsewa. Kuma ko ta zauna, ba ta rage girman abin da ke danne ƙwaƙwalwa ba, ƙarfe ma ta ƙara masa. Tsugune ba ta ƙare ba. Wasu likitocin ƙasar Holan da suka bi majinyatansu shekaru suka wallafa a 2010 cewa a jakunkuna masu gudan jini da ke danniya, toshe uwar jijiyar ya fi cusa waya kyakkyawan sakamako nesa ba kusa ba: bayan toshewa yawanci jakar takan motse, bayan waya kuwa sau da yawa sai an maimaita aiki, wasu ma su ci gaba da girma. Ga Hunter ya dawo, wannan karon ta cikin bututu.

Shi ma ba kullum yake cin nasara ba. A 2003 Koji Iihara da abokan aikinsa a Osaka ta Japan suka ba da labarin wata mata mai ƙatuwar jaka a ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke hawa ta ƙeya. An toshe jijiyar ta gaba da ta baya, hoto ya nuna ko ɗigon jini ba ya shiga, amma jakar ta ci gaba da girma, matar tana ƙara tsananta. Da aka buɗe sai aka tarar da ƙananan jijiyoyin bango sun yi yawa sun lulluɓe wurin, suna ciyar da ita. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Sai da aka yanke ta aka fitar. Irin wannan ba shi ne aka fi gani ba, amma shi ya sa ba a sallamar mai wannan cuta da hoto ɗaya, ko da an ce masa aiki ya yi kyau.

A 2005 Michael Lawton na San Faransisko ya duba majinyata 68 ya kasa jakunkunan gida shida gwargwadon inda gudan jinin ya zauna. Ba sai na jero maka su ba. Darasin shi ne likita ya fara tambayar ina gudan jinin yake dangane da wuyan jakar. Idan yana can ƙurya, wuya kuma da laushi, kilif zai yi. Idan ya kewaye wuyan, ko jakar ba ta da wuya sam, jijiyar ce gaba ɗaya ta buɗe kamar gora, to hanyar kewaye da toshewa ta fi aminci a kan tsagawa da kwashewa.

Na baya-bayan nan shi ne ragar karkatar da jini. Wata 'yar siririyar raga ce ta ƙarfe mai kama da bututu, saƙarta a matse, ana shimfiɗa ta a cikin uwar jijiyar ta gifta bakin jakar. Jini ya bi ta cikinta ya wuce, wanda ke shiga jakar ya ragu, a hankali sabuwar fata ta tsiro a kan ragar ta rufe bakin. An fara amfani da Silk a Turai wajen 2008, Amurka kuma ta amince da Pipeline a 2011 bayan gwaji a kan majinyata 108 masu manyan jakunkuna a jijiyar da ke shigowa daga wuya: kusan kashi 74 cikin ɗari sun rufe cikin wata shida, fiye da kashi 90 bayan shekara biyar. Ga jakunkunan wannan yanki, musamman na bayan ido, ragar ta zama alheri na gaske, domin tana barin jijiyar a raye kuma jakar tana iya motsewa. Amma tana zuwa da sharuɗɗa. Dole a sha magungunan hana jini daskarewa guda biyu, yawanci asfirin da kilofidogirel, na tsawon watanni, kuma wanda ya daina su da kansa saboda tsada ko mantuwa yana iya toshe ragar ya jawo wa kansa shanyewar jiki. A makonnin farko jakar takan ƙara kumbura kafin ta lafa, har a bukaci maganin rage kumburi. An kuma ga waɗanda tasu ta fashe bayan an sa ragar. A bayan ƙwaƙwalwa kuwa, inda jijiyoyi masu sirantar gashi ke fita daga jikin jakar suna ciyar da cibiyar numfashi da haɗiya, labarin ya fi ɗaci: a 2012 likitocin Bafalo a Amurka suka ba da rahoton majinyata 7 masu irin wannan doguwar jaka, 4 daga cikinsu suka rasu. Sun wallafa shi ne domin gargaɗin 'yan'uwansu, kuma sun cancanci yabo a kan haka.

To me ya sa ake shiga wannan haɗari duka, ba a bar abin ba kamar matar Hutchinson? Saboda an ƙirga. Wani babban bincike na ƙasa da ƙasa da aka wallafa a 2003 ya nuna jaka mai milimita 25 ko fiye tana da haɗarin fashewa na kashi 40 cikin ɗari a shekara biyar idan tana gaban ƙwaƙwalwa, kashi 50 idan tana baya. Gudan jinin da ke ciki ba garkuwa ba ne daga wannan. Amma binciken ya nuna wani abu kuma: wadda ke zaune a kogon jijiyoyin da ke bayan ido, a wajen rufin ƙwaƙwalwa, haɗarinta bai wuce kashi 6 da ɗoriya ba. Saboda haka sa ido ba tare da aiki ba shi ma zaɓi ne na hankali ga wasu, kamar dattijon da jakarsa ke wannan wuri ba ta damunsa, ko wanda wasu cututtukan suka raunana shi. Garin gyaran gira ba a so a rasa ido. Mai wannan zaɓi aikinsa shi ne ya riƙe hawan jininsa, ya rabu da taba, ya riƙa komawa hoto a kan lokaci, domin ko jakar da ta daskare gaba ɗaya an ga tana sake buɗewa.

Na yi alkawarin komawa kan kuskuren ɗaukar jakar a matsayin ƙari, kuma shi ne ya fi kusa da mu. A garuruwanmu hoton CT ya fi sauƙin samu a kan hoton jijiyoyi, kuma a CT ɗin jaka mai gudan jini tana iya kama da ƙarin ƙwaƙwalwa sak. Idan aka ce maka an ga ƙullutu mai zagaye a gindin ƙwaƙwalwa, kusa da manyan jijiyoyi, mai ƙandararren baki, ka tambayi likita cikin ladabi ko an ɗauki hoton jijiyoyin jini kafin a yi maganar tsaga ko ɗibar nama. Likitan kirki ba zai ji haushin tambayar ba. Idan kuma an tabbatar jaka ce, ka nemi sanin girmanta gaba ɗaya, har da ɓangaren da ya daskare, da inda take, da ko akwai ƙananan jijiyoyin da ke fita daga jikinta, da ko za a yi gwajin balan-balan. Kafin ka sayar da gona ka nemi bizar Masar ko Indiya, ka bincika ko asibitin da za ka je yana da masu buɗe kai da masu bi ta jijiya duka biyu, kuma suna zama tare a kan majinyaci ɗaya, domin wanda hanya ɗaya kawai ya iya ita zai ba ka. Ka kuma tambayi wanda zai duba ka bayan ka dawo gida, da inda za ka riƙa samun magungunan ba yankewa.

Duk hoton da aka taɓa ɗaukarka, ka karɓi faifansa ka adana, kada ka tsaya ga takardar sakamako kawai. Likitan da zai gan ka baɗi zai so ya ɗora sabon hoto a gefen tsoho ya auna da milimita.